Daren da Dutsen Ya Gifta

Tunda ka ce gobe ma rana ce, zauna in ba ka misali. An yi wani dattijo da ya shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa, yana zana taurari a allo, amma bai taɓa sa ido a madubin hangen nesa ba. Bayan ya ajiye aiki sai ya ji a rediyo cewa wani dutse mai yawo a sararin samaniya zai gifta kusa da duniya nan da wata huɗu. Ba zai taɓa kowa ba, ido kuma ba zai gan shi ba sai da madubi, kuma in ya wuce sai bayan shekara arba'in. Lokacin yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya, hannunsa kuma na rawa. Ya kira ɗansa, wani direban babbar mota, ya ce shi ba ya son komai sai ya ga dutsen nan. Ɗan bai yi rowa ba. Ya sayo madubi mai kyau daga birni, ya ajiye kwalin a ƙarƙashin gado. Duk ranar da uban ya ce a fito da shi a gwada, sai ya ce, “Baba, in na dawo daga wannan tafiyar. Ai ɗaurawa ce kawai.”

Ranar ta zo. Bayan isha'i dattijon ya sa rigarsa ta Juma'a da hula, ya zauna a tabarma a tsakar gida. Sama tas, ba ko gajimare. Sai a lokacin ɗan ya yage kwalin, ya tarar da ƙafafu uku, da ƙusoshi cike da leda, da takardar bayani mai shafi ashirin. Ya riƙe tocila a baki yana ɗaurawa yana kwancewa. Da abin ya tsaya, sai ya karanta cewa ƙaramin madubin da ke nuna hanya, sai da rana ake saita shi, a kan bishiya ko hasumiyar masallaci. Ya juya gabas, ya juya kudu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ba ya ganin komai sai baƙi. Uban yana jan carbi. Da lokacin da aka faɗa ya wuce, ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya ce, “Bar shi haka, Allah ya yi maka albarka. In ya dawo kana raye, ka duba mana.” Damina ba ta ƙare ba aka kai shi makwancinsa.

Ɗan nan yana ƙaunar ubansa, ba wanda zai ce ba haka ba. Shirin da ya kamata ya yi tun da wuri ne ya bari sai daren. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.