Golan Yaya Mai Ido Uku

"Miƙo nan!" Kawu Bala ya fizge gwangwanin daga hannuna, katunan suka watse a tsakar gidanmu na Durumi.

Katunan 'yan ƙwallo ne, irin na cikin cingam. Yayana Sani ne ya tara su kafin zazzaɓi ya ɗauke shi a daminar shekarar. Bugun banza aka yi wa hotunan, kala duk ta zame. Wani fuskarsa koriya shar, wani kansa ya fi kafaɗarsa faɗi. Akwai golan da tawada ta yi wa ido na uku a goshi. Shi Yaya ya fi so, wai ƙwallo ba ta isa ta wuce shi ba.

Kawu ya ɗaga golan da yatsa biyu. "Ku duba min! Wannan mutum ne? Ana kwana da aljanu a ɗaki, ta ya yaro ba zai mutu ba?"

Na ce, "Kawu, wallahi na cingam ne. Shinshina ka ji."

Bai shinshina ba. Ya tattara su ya cusa a murhu, ƙarƙashin tukunyar tuwo. Mama na tuƙi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Yaya bai bar hoto ko ɗaya ba, su kaɗai ya bari.

Yanzu duk Juma'a Kawu sai ya turo min gaisuwa a waya, har da furanni. Ina buɗewa, ban taɓa amsawa ba. Mama ta ce tsoro ne ya sa shi, in yafe. Ku da aka taɓa ƙona muku abu da sunan kariya, ya kuka yi kuka amsa gaisuwar?