Mai Karanta Labarai da Muryar Kunnensa

Ɗage yatsanka daga kan madannin nan, Tanimu. Gobe za ka miƙa wa mutane aikinsu, yau kuma kake son sabunta manhajar kwamfutarka don kawai ta aiko maka saƙo cewa sabuwa ta fito? Kai dai ba ka jin magana. Na tsufa a gyaran waɗannan na'urori, jawo benci ka zauna in ba ka misali.

An yi wani mai karanta labarai a wani ƙaramin gidan rediyo. Muryarsa ce ke tashin garin, masu shayi ma ba sa kunna rediyo sai lokacinsa ya yi. Ana nan sai hawan jinin ido ya kama shi, ganinsa ya dinga janyewa a hankali har ya zama ba ya bambance baƙi da fari a takarda. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa, domin shugaban gidan ya daɗe yana neman dalilin sallamar tsofaffin ma'aikata, shi kuwa yana da 'ya'ya a makaranta. Ya sa baƙin tabarau, ya ce hasken fitila ne ke damunsa. Hanyar ɗakin watsa shiri kuwa ƙafarsa ta haddace ta. Abin da ya rufa masa asiri shi ne kwamfutarsa. Irin manhajar nan ce a kanta ta kyauta, wadda masu sa kai daga ko'ina a duniya ke haɗuwa su gina, irin taka ɗin nan, kuma a cikinta akwai murya mai karanta duk abin da ke kan allo. Sai ya maƙala abin ji a kunne ɗaya, muryar ta raɗa masa jimla, shi kuma ya maimaita wa duniya da tasa muryar. Wallahi ya ƙware har ba ka jin tsaiko. Aibinta ɗaya, muryar ba ta da daɗi, gwarangwaran take kamar kwaɗo, Hausarta duk a karkace. Amma ya san karkatarta, ita ma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Rannan sai ya ji labarin sabuwar manhaja ta fito, wai muryarta garau kamar ta mutum. Ransa ya biya. Wanda ya ɗora masa ta farko ya taɓa yi masa kashedi cewa duk sabuwar da ta zo a fara gwada ta daga filashi, ɗan abin adana bayanan nan da ake soka wa kwamfuta, a jarraba ta da kowane abu da ake jonawa, tsohuwar kuma a bar ta a gefe. To ina! Gwaji yana bukatar mai ido a kusa, shi kuwa ido ne ba ya son a kawo kusa da sirrinsa. Ya danna shi kaɗai a gida, sabuwa ta hau kan tsohuwa ta shafe ta. Da kwamfutar ta tashi, sai ga murya mai laushi tana fitowa ta sipika. Ya yi murna, har ya kira matarsa ta zo ta ji. Abin da bai yi ba shi ne jona abin kunnen nan ya ji ko sabuwar ta san da shi. Ba ta sani ba. Washegari ya zauna gaban makirufo, ya jona abinsa kamar kullum, aka buɗe masa layi, ya yi sallama ga masu sauraro, ya danna. Kunnensa shiru. Muryar ta fito ta sipika, tiryan-tiryan, ta shige makirufo, gari duka ya ji na'ura tana karanta kanun labarai. Ya lalubi madannin da zai kashe ta, ashe shi ma an sauya masa wuri. Mai kula da na'urori ya rugo ya miƙa masa takardar labaran, ya ce, "Baba, karanta daga nan." Ya karɓa, ya riƙe ta a juye. A nan kowa ya gane.

Ba a kore shi da faɗa ba, ai da ya fi sauƙi. Tausayi aka yi ta zuba masa, aka ce ya je gida ya huta, kafin sati ya zagayo an ba wani kujerarsa. Wa zai kai ƙara? Ba kamfani ya sayar masa ba balle ya kama wuyan wani. Mutanen kirki ne suka gina abin, kuma da labarin matsalar ya isa gare su ba su yi barci a kai ba, suka aiko da gyara. Gyaran ya zo ya same shi zaune a zaure, yana sauraron wani yaro yana karanta labarai a lokacinsa. Yanzu muryar tana shiga kunnensa garau, sai dai babu wanda zai maimaita wa. Duk sanda na tuna da shi raina ɓaci yake, don abin da ya kayar da shi bai kai ƙwayar gero ba.

Saboda haka ka gama aikin mutane tukuna, ka kwashe kayanka ka adana, sannan ka kawo filashi mu gwada ta a tsanake. Sabuwar ba guduwa za ta yi ba. In kuwa ka ƙi, to Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira aka rasa ido.