Direban da Ya Toshe wa Motarsa Hanci

Ajiye makullin nan tukuna, Malam Tanimu. Ka ce in ƙara wa turbon motarka ƙarfi, ko? To, ja benci ka zauna ka ji wani misali, don ni aikin nan tsoro yake ba ni, kuma ba na jin kunyar faɗa.

An yi wani direba mai ƙetare hamada da jif mai shan dizal, irin mai ja da ƙafa huɗu. Motoci biyar suke tafiya a ayari, kowa yana hangen na gabansa, don a can in mota ta mutu ba ta mutuwa ita kaɗai. Shi kuwa mutumin nan ya tsani a ce shi ne na baya. Sai ya je wurin bakanike ya ce a matse masa turbo, a buɗe masa mai. Ka san turbo zugazugi ne kawai, iska yake dannawa cikin inji, iskar da aka danna kuwa zafi take yi kamar ta bakin tanda. Shi ya sa aka ɗora ɗan ƙaramin lagireto a gaba, a bayan raga, don ta bi ta ciki ta huce kafin inji ya shaƙa. Bakaniken ya yi masa aikin, amma ya ja masa kunne ya ce, "Ragar nan ita ce hancin motarka. Ko ƙyalle kada ka rataya a kanta." Ya ce ya ji. Ina ya ji!

Ranar tafiya ya ɗauko mahaifiyarsa, tsohuwa ce da ta zo ganin jikoki za ta koma gida. Ya sa ta a gaba, fasinja tara a baya. Ya sauke durom ɗin ruwa, wai nauyi ne, me zai yi da ruwan kwana uku a tafiyar yini ɗaya? Direbobin hanyar sukan rataye salka a gefen mota iska ta sanyaya ruwan. Shi mai wayo sai ya ga iskar gaba ta fi ta gefe, ya ɗaure salka biyu a kan ragar nan, don Inna ta sha mai sanyi. Da hantsi suka iso inda hanya take kewaye wasu manyan tuddan rairayi, kewayen da yake cin rabin yini, domin ba motar da ke iya hawa. Ya ɗaga wa 'yan ayari hannu, ya karkata sitiyari ya nufi tudu. Ya ce, "Inna, yau a gida za ki yi la'asar."

Motar ta hau tudu na farko, ta hau na biyu, tana gurnani, shi yana dariya. Rana tana tsaka, inji yana shaƙar iska mai kamar wuta, allurar zafi tana hawa, amma mutumin idonsa na kan tudu na gaba. A gangaren na shida turbon ya yi wani irin kuka, ya fashe daga ciki, ya fara watsa baƙin mai cikin injin. Wallahi, Malam Tanimu, kada Allah ya nuna maka wannan. Injin dizal in ya sami baƙin mai ta hanyar iska, shan sa yake yi. Direban ya ɗaga ƙafa daga totur, ƙara ta ƙaru. Ya kashe makulli, ba ta mutu ba. Ya zare makullin ya riƙe a hannunsa yana kallo, mota tana ihu tana karkarwa, farin hayaƙi ya rufe su har ba ka ganin na kusa da kai. Ya taka birki ya saki kuloci don ya shaƙe ta, kulocin ya ƙone. Fasinja suka yi ta dirowa suna salati, ya sungumi tsohuwa ya ruga da ita. Injin bai tsaya ba sai da ya shanye mansa kaf, ya yi wata ƙara, ƙarfe ya huda cikinsa ya fito. Sannan wuri ya yi tsit.

A nan tsoro na gaske ya sauko. Mutum goma sha ɗaya, salka biyu, kuma suna inda ba wanda ke bi, don ƙarfin da ya saya shi ne ya kai su can. Kwana na biyu salka biyun suka bushe. Kwana na uku suka tace ruwan lagireto da rawani suka sha, da tsatsarsa da komai. Tsohuwa kuwa duk lokacin da rabonta ya zo sai ta jiƙa leɓe ta miƙa wa ɗanta, ta ce ita ba ta jin ƙishi. Shi kuma, don azabar ƙishi, ya yarda.

'Yan ayarin da ya bari a baya tuni sun isa lafiya lau. Da ba su gan shi ba suka yi hayar raƙuma suka shiga nema. A kwana na huɗu suka same su a kwance ƙarƙashin motar, goma da sauran numfashi. Shi da hannunsa ya haƙa wa Inna rami a gindin tudun, tafiyar awa uku daga ƙofar gidanta. Bai sake taɓa sitiyari ba, kuma in injin niƙa ya tashi a unguwa sai ka ga ya toshe kunnuwansa.

To, ga makullinka. Motarka lafiyarta ƙalau, tana kai ka tana dawo da kai. In ka ce dole sai an taɓa ta, sai mu fara ƙara mata abin sanyaya iska, ka kuma yi mini alkawarin ba ka rabuwa da ayari. In ba haka ba, nemi wani bakaniken, ni hannuna ba ya ciki. Ai Hausawa sun gama magana: garin neman gira akan rasa ido.