Iskar da Ake Jira

Likita ya riga ya yanke magana: Haris ba zai sa komai a baki ba sai ya yi tusa. Ita ce shaidar hanjin da aka mayar masa ciki ya kama aiki. In aka yi gaggawa, ɗinkin na iya farkewa.

Suwaiba ta shekara tana canza wa mijinta ledar bayan gida da ke manne a cikinsa. Yanzu an rabu da leda, ta koma zaman kasa kunne a bakin gado.

Da la'asar mahaifinta, Alhaji Ɗantsoho, ya iso daga unguwar Kilomita Biyar a kan babur. Ya ce ba zai daɗe ba, da alwalarsa ya zo, masallaci zai wuce. Ya zauna daf da gadon yana jan carbi.

Sai aka ji tusa, doguwa, ba gardama.

"Alhamdulillahi," in ji Suwaiba. Ta leƙa ta gaya wa nas, ta dawo ta zuba kunu a kofi.

Haris ya kalli kofin, ya kalli rufi.

"Sha mana. Ba kai ke kukan yunwa ba?"

"Bari ya huce."

"Tun safe ya huce."

Ta kai masa kofin. Ya runtse ido, ya buɗe baki.

"Ajiye kunun nan, Suwaiba," in ji Alhaji. Ya miƙe, ya sa carbi a aljihu. "Ina ake alwala a asibitin nan?"