Doguwar Kujerar Babur

Tun da Mai Lemo ya sayi babur mai ƙafa huɗu ya koma yaro. Gonarsa tana can saman tudu, hanyar kuma duwatsu ne da kwazazzabai. A da da ƙafa yake hawa, buhun taki a kafaɗa, yana haki. Yanzu sai ya ɗaure kayansa, ya kifa hular kwano, ya murza. Da yamma kuma ya zauna yana goge babur ɗin kamar mai yi wa jariri wanka.

Matarsa tela ce. Wuni take a bakin taga tana taka keken ɗinki, tana tsokanarsa.

"Maigida, ko in ɗinka masa riga ne? Kada sanyi ya kama shi."

"Yi dariyarki, Maman yara. Ranar da na ɗauke ki a kansa, roƙona za ki yi in ƙara zagaye."

Sun tsufa tare, amma har yau in ya ga abu mai kyau, bai gama ganinsa ba sai ta gani. Shi ya sa da sabbin bishiyoyin da ya dasa suka yi 'ya'yan fari, ya hana kowa taɓawa. Ya rantse hannunta ne zai tsinki na farko, ya ce ta zo ya kai ta gonar.

"Wannan tudun? Ka rufa mini asiri," in ji ta. "Ga ɗinkin mutane a gabana."

"Ɗinki ba ya gudu. Dubi tsawon kujerar nan, ai da ke aka ƙera ta. Kuma ƙafa huɗu gare shi, ta ina zai faɗi?"

Hular kwano ɗaya ce a gidan. Ya cire ta daga kansa ya sa mata, ya ɗaure igiyar a haɓarta, yana cewa ta yi kama da tukunya. Ta kai masa duka a kafaɗa, ta hau bayansa, ta riƙe shi gam.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau. Iska na kaɗa mayafinta, tana ta ihu da dariya kamar budurwa. Da suka fara hawan tudu, nauyinsu duka ya koma baya. Mai Lemo ya saba in ya zo nan ya matsa gaba ya kwanta a kan kambun tuƙi, amma yau a riƙe yake, ba halin motsi. Babur ɗin ya fara ja da ƙyar. Ya ƙara wuta.

Tayoyin gaba suka ɗaga sama.

Kafin ya ce wani abu, babur ɗin ya kife da baya. Shi ya faɗa gefe, goshinsa ya fashe. Ita kuwa ƙarfen gaba ɗaya ya sauka a kan ƙafarta ta dama, ya danne ta da dutse. Da jini a idonsa ya yi ta kiciniyar ɗagawa, yana kiran taimako, abin ko gezau. Sai da masu aiki a gonar maƙwabta suka rugo sannan aka ciro ta.

Hular ta tsare mata kai. Ƙafar kuwa likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, daga ƙarshe suka yanke ta daga gwiwa.

Bakaniken da ya zo ɗauke babur ɗin ne ya faɗa masa abin da bai taɓa tambaya ba.

"Baba, wannan na mutum ɗaya ne. Ga hoton gargaɗin ma a jikinsa."

"To tsawon kujerar fa?"

"Don kai ne. Ka matsa gaba a hawa, ka ja baya a gangara. In an zauna a wurin, an ɗaure ka ke nan."

Mai Lemo ya dubi hoton. Kullum tsummansa yana bi ta kansa, bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Ranar da aka sallamo ta, ya kasa haɗa ido da ita. Ya kawo ruwa, ya gyara matashi, ya sake gyarawa, sannan ya durƙusa a gaban gado ya fashe da kuka, tsoho da furfurarsa.

"Ni na ce ki hau. Ni na ja miki."

Ta dafa kansa, kusa da inda aka yi masa ɗinki.

"Tashi, Maigida, kada jikoki su gan ka. Na san don ƙauna ka yi." Ta dubi inda zanin ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. "Sai dai ƙaunar ba ta mayar mini da ƙafa."

Jama'a, babur mai ƙafa huɗu abokin aiki ne, amma yawan taya ba ya hana shi kifewa. Ku karanta gargaɗin da ke jikinsa, ku sa hular kwano, kuma in na mutum ɗaya ne, kada ku goya kowa. Wanda kuka fi ƙauna shi ya fi cancanta ku ce masa a'a.