Tambaya ta Shida

Suna fitowa daga jarrabawar fiziks, Zubairu ya tare abokinsa Ɗanbaba a gangaren unguwar Pelourinho. Sai wanda ya ci ne zai shiga makarantar likitoci, shi kuwa Zubairu tuni ya fara tafiyar likita.

"Malam Ɗanbaba, na gan ka fa! Yau ma ta baya ka buɗe takarda, kamar littattafan Larabcin babanka?"

"Sabo ne," in ji Ɗanbaba.

"Allah ya shirye ka. Tambaya ta uku nawa ka samu?"

"Arba'in."

"Ashe kan yana ja! Ni ai duka biyar ɗin na share su, na zauna ina fifita."

Ɗanbaba ya yi ajiyar zuciya. "Ni ta shida ce ta wahalar da ni, ta 'yan dakon da ke hawo da gangar manja daga tashar jiragen ruwa. Ga shi rabin makin jarrabawar a kanta yake."

Dariyar Zubairu ta ɗauke. "Wace ta shida?"

"Ta shafin farko mana."

"Farkon wa?"

"Farkona," in ji Ɗanbaba a hankali. "Likita, ba ka juya takardar ba?"