Tara da Biyu

Kullum da safe ma'aikaciyar jinya takan tsaya tsakanin gadajen biyu ta yi tambaya ɗaya: daga ɗaya zuwa goma, ciwon ya kai nawa?

"Tara," in ji Torrie, haƙora a cije.

"Biyu," in ji mahaifinsa, tsoho Torquil Macaskill, wanda Torrie ya ci sunansa, idonsa na kan taga.

Igiya ɗaya ce ta tsinke a jirginsu na kamun kifi ta karya musu kafaɗa su biyun. Rana ɗaya aka yi musu aiki aka sa ƙarfe, ƙwayar rage ciwo iri ɗaya ake ba su. Ishbel, matar Torrie, watanta takwas da aure, takan zauna a kujerar tsakiya. Ta dai lura matashin kai na tsohon yakan jiƙe sharkaf da gumi, ta ce a ranta ɗakin ne da zafi.

"Kai, kafaɗa ce ko naƙuda?" tsohon ya ce wata rana. Duk ɗakin aka kwashe da dariya. Torrie ya juya fuska bango.

Kafin a sallame su wata likita mai bincike ta goga musu auduga a cikin kumatu don gwaji. Ta ce akwai mutanen da suka gaji wani irin jiki, ƙwayar nan ba ta yi musu komai, kamar sun haɗiyi gurasa. Za a aiko da sakamako gida. Ishbel ta riƙe maganar nan gam.

Suka koma tsibirinsu. A ƙauyen, namiji ko hannunsa ya fita, in ka tambaye shi sai ya ce ba laifi. Mako uku tsohon ya sauka bakin ruwa yana gyaran komar kamun kifi da hannu ɗaya. Torrie kuwa kofin shayi ma sai Ishbel ta kai masa baki. Likitan ƙauye ya ƙi canza masa magani, ya ce ya dubi babansa.

Ranar Lahadi, bayan coci, tsohon ya tsaya a ƙofa, bai ko zauna ba.

"Litinin ta sama in ba ka hau ba, jirgi na Lachie ne, ɗan ƙanena. Sunana na ba ka, ashe ban ba ka ƙashina ba."

"Baba, ba da gangan nake yi ba."

"Tara!" in ji tsohon, ya ja ƙofa.

Ranar Alhamis wasiƙar sakamako ta zo da sunan Torquil Macaskill. Ishbel ba ta yi nisa a makaranta ba, da yatsa ta bi layukan, tana tsallake ƙananan rubutun. Abin da take nema yana tsakiya: ƙwayar ba ta aiki a wannan jiki ko kaɗan, a canza ta da gaggawa.

Ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Ita da ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ta sauka bakin ruwa ta miƙa masa takardar a gaban mutane.

Ya daɗe yana karantawa. Sannan ya ɗago ya dube ta.

"Wa ya ga wannan, yarinya?"

"Ni kaɗai."

"To, ki bar ta haka." Ya ninke ya mayar mata. "Maganar Litinin tana nan."

Ta hau tudu zuwa gida tana kuka. A bakin ƙofa, cikin takardun talla da ta zubar ɗazu, ta tsinci wasiƙa ta biyu, suna ɗaya, adireshi ɗaya. Ita wannan ta ce jikin yana karɓar magani yadda ya kamata, ba a ga komai ba.

Ta shimfiɗa su a kan tebur, ta bi ƙananan rubutun da yatsa. Ta biyun ce ke ɗauke da ranar haihuwar mijinta. Ranar da ke kan ta farkon kuwa, shekara talatin da huɗu ta girme shi: ta tsohon ce.